Jirgi ɗaya, tsayi iri-iri: abin da ke raba agogon matuƙi da allon jami'in rada

Bayan karon da aka yi a sararin kogin Potomac na birnin Washington ranar 29 ga Janairun 2025, tsakanin helikwaftan sojan Amurka ƙirar Black Hawk da jirgin fasinja ƙirar CRJ700, wanda ya ci rayuka 67, masu bin labarin sun yi ta jin lambobin da ba su jitu ba. Dokar hanyar da helikwaftan ke bi ta ce kada ya wuce ƙafa 200. Rada ta nuna shi a 300. Na'urar da ke auna tazararsa da abin da ke ƙarƙashinsa ta ce 278. Daga baya hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gwada wasu helikwaftoci uku na rundunar, ta tarar agogon tsayinsu na nuna ƙasa da gaskiya da ƙafa 80 zuwa 130 in suna cikin tafiya. Jirgi ɗaya a lokaci ɗaya, yaya aka yi yake da tsayi har uku ko huɗu?

Kowace lamba da hanyar da ta biyo. Wanda duk zai fahimci lamarin sai ya fara sanin cewa a maganar tsayi, jami'in kula da zirga-zirgar jirage jiyau ne, ba ganau ba. Radar fararen hula na gano inda jirgi yake da nisansa, amma ba ta auna tsayinsa. Lambar da ke allon jami'i jirgin ne da kansa ya faɗa, kwamfutar ƙasa ta ɗan gyara.

## Agogon da matsin iska yake aunawa

Altimita, wato agogon tsayi da ke gaban matuƙi, matsin iska take karantawa. Duk sanda aka yi sama, iskar da ke bisa kai tana raguwa, matsinta ya ragu. A gefen jikin jirgi akwai 'yan ramuka kamar na rariya, an yi su a inda gudun iska ba ya bugu kai tsaye, kuma bututu ne ke ɗauko matsin daga nan. A tsofaffin agogo, wasu rufaffun faya-fayan ƙarfe masu kumbura da motsewa ke juya hannun. A jiragen zamani kwamfutar bayanan iska ce ke lissafi ta fito da lamba a allo. Ko ta wace hanya, ana mayar da matsi ya zama ƙafa ne bisa wani yanayi na ƙa'ida da duniya ta yarda da shi: matsin iska a bakin teku hektofaskal 1013.25, wato inci 29.92 na zaiba a ma'aunin Amurka, zafi digiri 15 na Salsiyas, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000.

Da wuya a wayi gari iska ta yi daidai da wannan ƙa'ida. Shi ya sa agogon ke da 'yar taga da maɓallin murɗawa, inda matuƙi ke sa matsin ranar. Lambar da aka fi sawa ana ce mata QNH: matsin iskar wurin ne bayan an mayar da shi na bakin teku. In an sa ta daidai, jirgin da ke tsaye a fili agogonsa zai nuna tsayin filin daga teku. Akwai kuma QFE, wadda ke sa agogo ya nuna sifili a kan titin sauka, amma amfani da ita ya ragu ƙwarai.

Daga wani tsayi zuwa sama, wanda ake kira tsayin sauyi, kowa na barin QNH ya sa 1013. A nan ba a cewa ƙafa kaza, sai mataki kaza: FL350 na nufin inda agogo ke nuna 35,000 bisa ƙa'ida, ko da ainihin tsayin ya fi haka ko bai kai ba. Can sama babu dutsen da za a daka, jirage ake raba wa hanya, saboda haka abin buƙata shi ne kuskuren kowa ya zama iri ɗaya. Tsayin sauyi a Amurka da Kanada ƙafa 18,000 ne, a Jamus 5,000, a kewayen Landan 6,000.

Lissafin da za a riƙa komawa gare shi a nan gaba: hektofaskal ɗaya a tagar saiti na motsa agogo da ƙafa 27 zuwa 28, inci ɗaya na zaiba kuma da kusan ƙafa 1,000.

## Abin da taransifonda ke aikawa

Taransifonda na'ura ce mai amsa kira. Rada na tambaya a mita 1030 na megahaz, ita kuma ta amsa a 1090 da lambar shaidar jirgi da tsayinsa. Tsayin da take aikawa kullum bisa 1013.25 yake. Ko matuƙi ya murɗa maɓallinsa zuwa ina, ko kaɗan bai taɓa abin da ake aikawa ba. Da gangan aka tsara haka, don kada kuskuren yatsa a ɗakin matuƙa ya bi iska ya isa ƙasa, kuma don na'urar kauce wa karo ta TCAS da ke cikin sauran jirage ta riƙa kwatanta kowa da ma'auni ɗaya.

In jirgin yana sama da tsayin sauyi, kwamfutar ƙasa na nuna lambar yadda ta zo. In yana ƙasa da shi, sai ta gyara ta da QNH ɗin yankin. A ce QNH 1003 ce, matuƙi ya sa ta, yana tafiya agogo na nuna 5,000. Bisa 1013 jirgin yana wajen 5,280. Taransifonda ta aika 5,300, kwamfutar ƙasa ta cire 280 na bambancin hektofaskal 10, allo ya nuna 5,000. Hanya biyu daban, sun haɗu a wuri ɗaya. Gyara ɗaya aka yi sau biyu, matuƙi da hannunsa, kwamfuta a ƙasa, kuma yawancin saɓanin da ake gani daga nan yake tasowa.

A ƙananan jirage sau da yawa ba altimita ke ba taransifonda lamba ba. Akwai wani ɗan akwati daban da ake kira inkoda, ba shi da fuska balle hannu, yana ɓoye bayan allon kayan aiki, an jona shi da bututun iska ɗaya da na agogon. A manyan jirage kwamfutocin bayanan iska biyu ko uku ne, ta babban matuƙi daban, ta mataimaki daban, ga agogon ko-ta-kwana, kuma taransifonda na ɗauka daga ɗayansu.

## Saɓanin da ba laifin kowa ba ne

Tsohon tsarin taransifonda mai suna Mode C na aika tsayi a tsanin ƙafa ɗari-ɗari. Jirgin da ke 4,949 za a ce 4,900, wanda ke 4,951 a ce 5,000. Tazarar ƙafa biyu ta zama ɗari a allo, shi ya sa jami'i kan ga lamba na tsalle tsakanin biyu alhali jirgin bai motsa ba. Sabon tsarin, Mode S, na iya aikawa a tsanin ƙafa 25, amma allon jami'ai da yawa a ɗari-ɗari yake nunawa har yanzu.

Sai jinkiri. Radar da ke kusa da filin jirgi na kewayawa sau ɗaya a daƙiƙa 4 zuwa 5, ta dogon zango a daƙiƙa 10 zuwa 12. Jirgin da ke hawa da ƙafa 2,000 a minti na ƙara ƙafa 33 a kowace daƙiƙa, ke nan kafin radar dogon zango ta dawo kansa ya ƙara wajen 400. Matuƙi zai ce ya wuce 7,400, allo na nuna 7,000, kuma duk gaskiya suka faɗa. Saboda haka ne ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ta yarda a ce jirgi ya isa matakinsa ba sai lambar ta zauna har sabuntawa uku ko daƙiƙa 15, duk wanda ya fi tsawo.

Haka nan QNH ɗin da ke hannun matuƙi na iya zama ta tashar da ya baro, ta kwamfuta kuma ta yankin da ya shigo. A Amurka doka ta ce a yi amfani da ta tashar da ba ta wuce mil 100 na teku ba a kan hanya. Bambancin hektofaskal biyu ko uku ya isa ya kawo ƙafa 60 zuwa 80.

Don waɗannan ne aka ba da rangwame. A ƙa'idar ICAO ana karɓar lambar taransifonda in ba ta kauce wa abin da matuƙi ya faɗa da fiye da ƙafa 300 ba, ko 200 a sararin da aka matse tazara tsakanin jirage, kuma ƙasa na iya zaɓar 200 ko'ina, kamar yadda Birtaniya ta yi. A Amurka in bambancin ya kai 300, an daina dogaro da lambar.

## In saitin matuƙi ne ya kauce

A koma misalin ɗazu. QNH 1003 ce, amma matuƙin da ke saukowa ya manta ya bar 1013 a taga. Zai tsaya inda agogonsa ya ce 5,000. Taransifonda ta aika 5,000, kwamfuta ta cire 280, allo ya nuna 4,700. A nan jami'i ne ke da gaskiya: jirgin yana ƙasa da inda matuƙinsa ke zato da kusan ƙafa 300. Duk sanda lambar da ke taga ta fi ta gaskiya girma, agogo na ƙara wa jirgi tsayin da ba shi da shi, kuma wannan ne ɓangaren da ke kisa.

Ranar 23 ga Mayun 2022 wani Airbus A320 da ya taso daga Stockholm ya nufi sauka a filin Charles de Gaulle na Paris cikin ruwan sama. QNH 1001 ce, aka faɗa wa matuƙan 1011, suka maimaita, suka sa. Na'urar da ke jagorar sauka daga ƙasa ba ta aiki a titin ranar, don haka irin saukar da suka yi ta dogara ne da altimita wajen zana gangaren. Duk gangaren ya koma ƙasa da ƙafa 280, kuma altimitarsu ba ta nuna musu haka ba, domin otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, da agogo duk lamba ɗaya suke bi. A hasumiya ƙararrawar gargaɗin kusantar ƙasa ta kaɗa, don ita da QNH ta gaskiya take lissafi. Matuƙan ba su ga titi ba suka fasa sauka, kuma kafin jirgin ya ɗago, tazararsa da ƙasa ta kai ƙafa 6, kusan mil ɗaya kafin bakin titi. Hukumar binciken Faransa, BEA, ta nuna cewa da saitin nan mara kyau suka sake zagayowa, sai dai a karo na biyu sun hango titin suka gyara da ido.

Wani tarkon shi ne ma'auni biyu. Matuƙin da ya saba da inci in ya ji "tara tara biyu" yana iya sa 29.92, alhali hektofaskal 992 ake nufi. Tsakaninsu hektofaskal 21 ne, wajen ƙafa 600, kuma ta ɓangaren haɗari. Shi ya sa a Birtaniya dole jami'i ya ambaci kalmar hektofaskal in lambar ba ta kai 1000 ba.

Sabon tsarin Mode S na iya sauko wa jami'i da abin da matuƙi ya sa a tagar saiti da kuma tsayin da ya zaɓa wa otofailot. Cibiyoyi irin ta Landan na amfani da wannan don kama kuskuren tun bai zama saɓani ba.

## In inkoda ce ta rikice

Nan kuma matuƙi ne ke da gaskiya. Tsofaffin inkoda na da ɗan abin ɗumama ciki, sai sun yi 'yan mintoci kafin su fara ba da lamba, shi ya sa jami'i kan ce bai ga tsayi ba jim kaɗan bayan tashi, sannan ya bayyana. Da tsufa kuma saitinsu na zamewa, su riƙa ƙara ko rage ƙafa 100 ko 200 a kowane tsayi.

Wanda ya fi wahalar da makanikai shi ne na wayoyi. Tsohuwar hanyar haɗa inkoda da taransifonda, da ake kira tsarin Gillham, na amfani da waya tara zuwa sha ɗaya, kowacce ko dai a kunne ko a kashe. Uku daga ciki na ƙirga ɗari-ɗari, sauran na ƙirga ɗari biyar-biyar. In waya ɗaya ta tsinke ko bakinta ya yi tsatsa, ba a ganin komai sai an kai tsayin da ake buƙatarta. Jirgi na iya nuna daidai a 3,000, a wani tsayin ya yi tsallen ƙafa 500 ko dubbai, can gaba ya dawo daidai. In wayar ɗari-ɗari ce, wani lokacin abin da ke fita ba ya cikin jadawalin ma sam, allo ya zama babu tsayi. Gwaji a tsayi ɗaya ba ya kama irin wannan. Sai an bi da na'urar gwaji mataki-mataki har iyakar inda jirgin ke kaiwa. Sababbin inkoda na aika lambar ne a jere ta layi ɗaya, abin da ya kawar da wannan cutar.

A manyan jirage tambayar ita ce daga wace kwamfuta taransifonda ke ɗauka. In otofailot na bin ta hagu, taransifonda na bin ta dama, kuma biyun sun bambanta da ƙafa 150, jami'i zai ga jirgin ya kauce alhali babban matuƙi na ganin daidai. Shi ya sa ake so su biyun su ɗauka daga wuri ɗaya.

## Sanda baki ya zo ɗaya kuma duk kuskure ne

Saɓani aƙalla yana tona kansa. Abin da ya fi shi haɗari shi ne agogo da allo su yarda da juna don daga rijiya ɗaya suka ɗebo.

Daren 2 ga Oktoban 1996, Boeing 757 na kamfanin Aeroperú ya tashi daga Lima ta ƙasar Peru zuwa Santiago ta ƙasar Chile, ramukan matsinsa a toshe da salatif ɗin da aka liƙa lokacin goge jikin jirgin aka manta ba a cire ba. Agogon tsayi da na gudu suka rikice. Matuƙan na bisa teku cikin duhu, suka nemi jami'in rada ya faɗa musu tsayinsu. Ya karanta musu abin da ke allonsa, ƙafa 9,700. Wannan lambar daga toshasshen bututun nasu ta fito, ta je ƙasa ta dawo musu a matsayin shaida. Na'urar gargaɗin kusantar ƙasa, wadda ke aiki da altimitar rediyo mai auna tazarar jirgi da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma gaskiya take faɗa, ta yi ta kuka, amma ta ɓace cikin sauran ƙararrawar ƙarya. Jirgin ya daki ruwa, mutum 70 da ke ciki suka rasu.

Toshewa ba sai da salatif ba. Ƙanƙara, ruwan da ya taru a bututu, gidan zanzaro, duk suna yi, kuma alamar ɗaya ce: agogo ya tsaya cak ko ya riƙa jan ƙafa, inkoda ma haka. Yoyo kuwa ya danganta da irin jirgin. In mai matsa iska a ciki ne, iskar ɗaki ta kutsa bututun, agogo zai nuna ƙasa da gaskiya. In ƙaramin jirgi ne da ba ya matsa iska, matsin ciki yakan ɗan gaza na waje, sai agogo ya ɗan ƙara. Haka ma in matuƙi ya buɗe ramin ko-ta-kwana da ke cikin ɗaki.

Akwai kuma kuskuren wurin rami. Iskar da ke bin jikin jirgi ba ta barin matsin ya zama daidai da na sarari, kuma bambancin na sauyawa da gudu da karkatar hanci. Kamfanin da ya ƙera jirgi na auna wannan ya sa gyaransa a kwamfuta. Loɓawa ko tudun fenti kusa da ramin na ɓata gyaran, kuma can sama abin na girma: a FL350 hektofaskal ɗaya na kuskure a bakin rami daidai yake da kusan ƙafa 90. A helikwafta iskar da farfela ke turowa ƙasa na ƙara dagula lissafin.

Sanyi ma haka yake yi wa kowa. Iska mai sanyi na takurewa, sai jirgi ya kasance ƙasa da abin da agogo ya nuna da kusan kashi 4 cikin ɗari na tsayinsa daga tashar da ta ba da QNH, a kowane digiri 10 da aka gaza ƙa'ida. In zafin fili ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, jirgin da agogonsa ke cewa yana ƙafa 2,000 bisa filin yana ƙasa da haka da wajen 200. Allon jami'i bai san da wannan ba. Abin ban sha'awa shi ne, sai matuƙi ya gyara ya ƙara 200 ɗin sannan saɓani ke bayyana, jami'i ya gan shi sama da inda aka ba shi, shi ya sa dole ya faɗa kafin ya gyara.

Masu shaida na daban da gaske biyu ne kawai: altimitar rediyo, mai aika sigina ƙasa ta auna dawowarsa, wadda aikinta ke farawa daga ƙafa 2,500 zuwa ƙasa, da kuma tsayin GPS.

## Matakan da ake bi

In jami'i ya ga bambanci, yana fara sake faɗin QNH ya nemi matuƙi ya tabbatar da saiti da tsayi. Matuƙi ya duba taga, ya kwatanta agogon hagu da na dama da na ko-ta-kwana, ya duba lambar da taransifonda ke nunawa a fuskarta in tana da wannan. In akwai taransifonda ta biyu, ya koma kanta. In bambancin ya ƙi tafiya, jami'i na iya umartar a kashe aika tsayi, a koma raba jirage da abin da matuƙi ke faɗa da baki. Wannan ba ƙaramin asara ba ce: jirgin da ba ya aika tsayi, TCAS ɗin sauran jirage na iya gargaɗin cewa yana kusa, amma ba ta iya ba da umarnin a hau ko a sauka. Barin lambar ƙarya a kunne kuwa ya fi muni, don tana iya sa a umarci wani jirgin ya kauce zuwa inda haɗarin yake.

A ƙasa akwai gwaji biyu masu sauƙi. A sa QNH a kwatanta agogo da sanannen tsayin wurin. In bambancin ya wuce ƙafa 75, agogon na buƙatar dubawa. A sa 1013 kuma a kwatanta da abin da taransifonda ke aikawa. Dokar Amurka ta ce kada su rabu da fiye da ƙafa 125. A can kuma duk wata 24 ake gwada taransifonda, haka ma altimita da bututunta ga jirgin da ke tashi da na'urori cikin gajimare. A gwajin yoyo na ƙaramin jirgi, ana zuƙe iska har agogo ya nuna ƙafa 1,000 sama da wurin, a jira minti ɗaya. In ya sauka da fiye da 100, akwai yoyo.

Tsakanin FL290 da FL410 sharuɗɗan sun fi tsauri, domin an rage tazarar jirage daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000. An fara haka a arewacin tekun Atilantika a 1997, Turai a 2002, Amurka a 2005, Afirka a 2008. Jirgin da zai shiga nan sai yana da tsarin auna tsayi biyu masu zaman kansu da ba su rabu da fiye da ƙafa 200 ba. Kuma da yake an san agogo da taransifonda na iya haɗa baki, an kafa tashoshi a ƙasa masu auna ainihin tsayin jirgin da ke wucewa su kwatanta da abin da yake faɗa.

## Inda masana suka sha bamban

Na farko shi ne ko lokaci ya yi da za a bar matsin iska a koma GPS. Tsarin ADS-B, wanda jirgi ke watsa inda yake da kansa ba sai rada ta tambaya ba, ya riga yana aika tsayin iri biyu. Masu son sauyin na cewa GPS ba ruwanta da QNH, sanyi ko toshewar rami, kuma da ita aka yi gangaren Paris da abin bai faru ba. Masu adawa na cewa siginar tauraron ɗan'adam na da rauni, ana toshe ta ana kuma yi mata kutse da ta bogi a yankunan rikici, alhali matsin iska ba mai iya toshe shi daga nesa. Suna ƙarawa da cewa fiffike da inji da matsin iska suke aiki, kuma lokacin sauyin, sanda wasu ke wannan ma'auni wasu ke wancan, shi ne zai fi haɗari. A aikace an tsaya tsakiya: matsi don raba jirage, GPS don bincikar matsi da jagorar sauka.

Na biyu shi ne tsayin sauyi. Masu son a ɗaga na Turai ya zama ɗaya, kamar na Amurka, na cewa murɗa maɓalli a ƙafa 5,000 na faɗowa ne daidai lokacin da aiki ya fi yi wa matuƙa yawa. Ɗaya ɓangaren na cewa in an ɗaga, jirage da yawa za su riƙa tafiya mai nisa bisa QNH, ana sauya musu ita yanki-yanki, kuma kowane sauyi ƙofar kuskure ce, ban da kuɗin sake zana hanyoyi. An daɗe ana tattaunawa a Turai ba a kai ga lamba ɗaya ba.

Na uku shi ne rangwamen kansa. Ƙafa 200 ko 300 an yanka su ne don sararin da tazara ke 1,000. A Potomac, NTSB ta lissafa cewa helikwaftan da ke daidai 200 a wannan hanya, tazararsa da jirgin da ke sauka a titi na 33 ba za ta wuce ƙafa 75 ba. Wasu na ganin maganin shi ne a tsaurara ingancin agogo. Wasu na cewa ko sabon agogo da tsanin ɗari-ɗari sun isa su cinye 75, don haka zanen hanyar ne abin gyara. Lissafin ya fi goyon bayan na biyun, ko da yake ɗaya bai hana ɗaya ba.

## Abin da ya shafi fasinja da mai bibiyar jirage

Ga fasinja, yawancin wannan na ƙarewa ne a magana biyu ta rediyo da bai ma ji ba. In abin ya ƙi gyaruwa, jirgin na iya rasa izinin zama a matakan da aka matse tazara, a sauko da shi ƙasa da FL290 inda ya fi shan mai, wani lokacin har a ya da zango don ƙarawa. In tun a ƙasa aka gano, jinkiri ne ko sauya jirgi, domin gwajin bututu da inkoda na cin sa'o'i.

Mai kallon shafukan bibiyar jirage irin su Flightradar24 kuma ya san cewa lambar da aka fi nunawa ita ce ɗanyar ta 1013, ba wadda aka gyara da QNH ba. A ranar da matsi ya faɗi zuwa 993, jirgin da ke saukowa zai bayyana sama da inda yake da wajen ƙafa 550. A ranar da ya hau zuwa 1033, zai bayyana ƙasa da inda yake da kwatankwacin wannan. Wasu hotunan da ake yaɗawa bayan haɗari ana cewa jirgi ya yi ƙasa fiye da ƙa'ida ba a yi musu wannan gyaran ba. Wanda kuma ya kunna GPS ɗin wayarsa a bakin taga a yanki mai zafi yana iya ganin ta zarce abin da matuƙi ya sanar da fiye da ƙafa 1,000, don iska mai ɗumi na buɗewa ta ɗaga matakin FL350 sama da ƙafa 35,000 na gaske, tare da duk jiragen da ke kansa da na sama da shi da na ƙasa.